Na Soyayya Ko Na Yaƙi?

  Gaisuwa ga mutanen Maradun, da na Bakura, da na Talata Mafara, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a shago ko a tsakar gida.

Sharhinmu na yau a kan wata tambaya ce da wani zai ce ba ta isa a kawo ta gidan rediyo ba. Mutum ne ya gama littafin da ke hannunsa, yana son shiga wani, kuɗin aljihunsa kuwa, ko datar da ta rage masa a waya, ba za su ɗauki biyu ba. To wanne zai ɗauka, na soyayya ko na yaƙi? Ni a wurina tambayar ta isa. A yankin nan namu, inda garuruwa da yawa da an sallame isha'i kowa ke shigewa gida, dandali ya mutu, hirar ƙofar gida ta ja baya, abin da saurayi ko budurwa ko matar aure ke karantawa kafin barci ya ɗauke su ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne abokin hirarsu, abokin hira kuwa yana gyara mutum, yana kuma ɓata shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tallar littattafai ranar kasuwa ya san yadda abin yake. Ya shimfiɗa buhu ko tabarma, ya jera su, ya danne da 'yan duwatsu kada iska ta kwashe. A gefe guda ga bango mai hoton mace ta sha gyale da kwalliya, wani lokaci ma fuskar 'yar fim ɗin Indiya ce aka ɗauko aka manna, a ƙasa an rubuta na 1, na 2, na 3. A ɗaya gefen ga ƙato ya zare takobi, bayansa aljani mai kawuna ko maciji mai fukafukai. Takardar ciki irin ta jarida ce, in ta sha hannu sai gefenta ya naɗe, bango ya rabu da jiki, a nemo zare da allura a ɗinke. Kuma tana shan hannun, domin littafi ɗaya kan zaga unguwa, daga ɗakin amarya zuwa na maƙwabciyarta, ya dawo wa mai shi shafin ƙarshe ya yage. Mai tallar ba ya jiran a buɗe baki. In mace ce ta tsaya sai ya turo mata na dama: "Hajiya, ga sabon hitowa, wanga sai kin yi kuka." In matashi ne ya nuna masa na hagu: "Samari, ga naku nan, maza zalla."

Yau yawancin cinikin ya koma cikin waya. Marubuciya na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, ta ba da somin-taɓi kyauta, labari na ɗaukar zafi ta ce sai wanda ya biya zai ga ci gaba. Wasu kuma ba karantawa suke yi ba, saurare suke a YouTube, ko su kai memori wurin mai tura waƙoƙi ya zuba musu. Amma rabon nan na kan tabarma bai canza ba: soyayya ta mata, yaƙi na maza. Wannan rabo shi ne abu na farko da nake so mu ajiye gefe, don ba shi da tushe a adabinmu.

A 1933 ne Hukumar Fassara, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai 5 da suka fito daga wannan yunƙuri su ne kakannin abin da muke karantawa yau: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Ku dubi Jiki Magayi. Saurayi ne, Abubakar, yake son Zainab, attajiri Malam Shehu ya sa dukiya ya raba su, shi kuma ya nausa daji neman asirin da zai rama da shi. To wannan a wane gefen tabarma za a ajiye shi? So ne ya tayar da labarin, sihiri da ramuwar gayya suka ƙarasa shi. Antaru ɗan Shaddadu da Larabawa ke ji da shi, ba a ba da labarin yaƙe-yaƙensa sai an ambaci Abla, 'yar baffansa da ya yi ta fafutukar aure. Hatta labarin Bayajida da muke koya wa yara, an fara da takobi a bakin rijiyar Kusugu, an ƙare da auren sarauniyar Daura.

Bari in fara da na yaƙi, in ba shi haƙƙinsa cikakke.

Ɗan ƙasar da ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ba sai an koya masa daɗin kirari ba. Ɗanƙwairo haifaffen ƙasar Bakura ne, duniya ta san shi da Ɗanƙwairo Maradun, kuma ko da yake ya rasu tun 1991, har gobe in aka saki kotsonsa a wurin taro za ka ga dattijo ya gyara zama. Mun tashi muna jin Kassu Zurmi yana zuga 'yan tauri da mafarauta, muna jin Ɗan Anace yana zuga 'yan dambe. Littafin yaƙi wannan jijiyar yake taɓawa. A cikinsa ne kaɗai yaron yau zai gamu da sulke da kwalkwali da lifidi, da ingarma da barde da 'yan kwarbai, kalmomin da suka bar bakin mutane tun da doki ya koma na hawan sallah. Yara maza da yawa da malami ya yi fama da su a aji ba su iya karatun Hausa da gudu ba sai da Iliya Ɗan Maiƙarfi ya faɗo hannunsu. Ahmadu Ingawa ne ya rubuta shi a farkon shekarun 1950: yaron da ya girma a zaune ba ya iya tafiya, rana ɗaya ya miƙe da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, ya hau dokinsa Ƙwalele ya tafi yi wa Sarki Waldima na birnin Kib hidima. Asalin labarin na Rashawa ne, amma Ingawa ya sa masa rawani har ba ka gane baƙo ne. Daga baya marubutan Kano suka ɗora. Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya kawo mana Malikussaif daga hikayar Larabawa ta Saifu bin Zi Yazan, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuwa ya cika kasuwa da littattafai irin su Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, sunansa ya zama shi ne sunan wannan fanni a bakin matasa. Waɗannan mutane sun yi wa Hausa aiki, sun riƙe dubban samari a kan karatu a lokacin da ba abin da ke riƙe su.

Akwai kuma hutu. Mutumin da ya wuni cikin zullumi, ya ji ƙarar babur gabansa ya faɗi, yana da haƙƙin ya shiga wata duniya na awa guda, inda mugu ke da fuska ɗaya kuma tabbas za a ga bayansa kafin littafi ya ƙare. Ba zan raina wa kowa wannan ba.

Amma ga inda nake da ja. Da yawa daga cikin littattafan yaƙin da ke yawo a kasuwa da waya a kan gwadabe ɗaya suke tafiya. Sadauki ɗaya ne, da takobin sihiri ɗaya, ya kutsa cikin rundunar da ba ta ƙirguwa, ya yi ta sara da suka daga hantsi har faɗuwar rana, dubbai su zube. A cikin dubban nan babu mai suna. Babu wanda ke da uwa. Ba a haƙa kabari, ba a zaman makoki, babu matar da ta shiga takaba, babu marayan da aka raba wa dangi. Shafi na gaba sadauki ya goge takobinsa ya nufi wani birni.

Jama'a, mu mun san ba haka abin yake ba. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka shiga makarantar jeka-ka-dawo ta Ƙaya, nan ƙasar Maradun, aka tafi da ɗalibai fiye da 70, bayan 'yan kwanaki aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji. Waɗanda ba ta ji ba mu muka san su. Mun san wanda ke ɗaukar diga da shebur bayan an gama harbi. Mun san wata 4 da kwana 10 da mace ke yi a ɗaki, da hatsin da ya nuna a gona ba mai zuwa yankewa, da shanun huɗa da aka kai kasuwa aka karyar don a haɗa kuɗin fansa. Littafin da ke ƙirga gawa don ya burge mai karatu, abin da ya sani game da kisa bai kai abin da yaro ɗan shekara 10 ya sani a Ƙaya ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce littafi ne ya kai kowa daji ba. Talauci da zalunci da rashin hukunci da rikicin gona da kiwo sun ishe mu dalili. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ta gaji da jin cewa mai makami shi ne namiji, mai laya da guru shi ne wanda ba a taɓawa, ba ta bukatar a ƙara nanata mata wannan karatu da dare a matsayin nishaɗi.

Manyan labaran jarumta na duniya ba su faɗa wannan rami ba, shi ya sa suka daɗe. A Shahnama, wanda Firdausi na ƙasar Farisa ya kammala wajen shekarar 1010, wurin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne inda gwarzo Rustam ya kashe wani matashin jarumi a fagen fama, sai bayan ya soke shi ya gane ɗansa ne, Suhrab. Baturen Ingila J.R.R. Tolkien, wanda littafinsa The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955 ya zama uban wannan fanni a Turai da Amurka, soja ne da ya ga yaƙin Somme a Faransa a 1916, ya rasa aminansa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya zo rubutu, gwarzonsa ba ƙato ba ne. Ɗan ƙaramin taliki ne da aka ɗora wa aikin kai makamin da ya fi kowane makami ƙarfi inda za a hallaka shi, ba ya yi amfani da shi ba, kuma ya dawo gida da ciwon da bai warke ba. Wanda ya ga yaƙi da idonsa haka yake rubuta shi.

Mu ma muna da irinsa. Ganɗoki ba a birnin aljanu ya fara ba. Ya fara ne a cikin yaƙe-yaƙen gaske na zuwan Turawa, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare a Burmi a 1903. Duk cika-bakin Ganɗoki da kirarinsa, labarin mutanen da aka ci da yaƙi ne. Sai bayan an rasa a gida ya faɗa ƙasashen aljanu yana cin nasara, da ya dawo kuma ya tarar duniyar da ya bari ta juya. In irin wannan ka samu, ɗauka, kada ka tsaya ciniki.

To amma in aka tsare ni aka ce lalle sai na faɗi ɗaya, ga mai sauraro a Maradun, a wannan zamani da muke ciki, zan ce ya ɗauki na soyayya. Kuma maza nake nufi kafin mata.

Dalilina shi ne, shekara 40 da wani abu ke nan matan Hausa na rubuta abin da ke faruwa a cikin gidajenmu, a nan suke rubuta shi, mu kuwa maza mun ce littafin mata ne mun kau da kai. Abin ya faro ne daga Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafinta So Aljannar Duniya a 1980 bayan wata gasa, labarin Boɗaɗo, 'yar Fulanin da ta nace sai wanda take so alhali ba ɗan ƙabilarta ba ne. Ita ake ƙirgawa mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen littafi da Hausa, kuma tamu ce, don ta daɗe tana zaune a Gusau, har ta yunƙura neman kujerar gwamnan jihar nan a zaɓen 2003. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka shiga buga abinsu da kuɗinsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina. A Kano aka kafa ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, inda Sumayya 'yar masu hali ke son talaka Muhammad, dangi suka nace sai mai kuɗi, har ta faɗa rijiya. Bilkisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Auren dole, kishi, saki ba dalili, riƙon ɗan kishiya, cire yarinya daga makaranta, duk a nan aka baje su, tun kafin a fara taron ƙara wa juna sani a kansu a otal-otal.

Bari in tsaya a kan guda ɗaya, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rufin asiri, ta haifa masa 'ya'ya 9. Abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai gidan ko'ina, ita ke ƙuƙutawa ta cike, shi kuwa kuɗinsa na waje. Ya auro Delu, macen da ta gama zaman kanta, aka yi rikici, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ba ta zauna kuka ba. Ta kama sayar da abinci, ta ci gaba da biyan kuɗin makaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Can gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, arziki ya tafi, Delu ta juya masa baya. Sai kuma maza suka taru, dangi da surukai, suka yanke cewa Rabi ta koma ɗakinta, ba don tana so ba. Marubuciyar ba ta ce an yi daidai ba, ba ta ce an yi kuskure ba, ta bar ka da abin a ƙirji. Littafin ya kai har an fassara shi zuwa Turanci, Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga a 2012.

Yanzu ina tambaya: wace unguwa ce a Maradun ko Mafara ba ta da Rabi? Da can saki ne ke samar da su. Yau an ƙara da waɗanda aka kashe wa maza a gona ko a hanya, da waɗanda suka baro ƙauyukansu suka raɓe a kangon wani. Ka fito da asuba ka gan ta bakin titi ta haɗa murhu, itacen ɗanye ne yana ta hayaƙi, goyo a baya, tana sakin ƙosai a mai da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana kare ɗan da ke rarrafowa wajen wuta. Cinikin da za ta yi kafin hantsi shi ne abincin mutum bakwai. In jarumta muke nema a littafi, ga ta nan, kuma littafin soyayya nagari ne kaɗai ya ɗauke ta da muhimmancin da har zai ba ta suna da tarihi.

Haka Wa Zai Auri Jahila? na ita Balaraba ɗin. Abu yarinya ce da uba ya cire daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari ya yi boko ya ce ba ya auren jahila, aka ɗaura mata da tsoho, Sarkin Noma, ta gudu, ta koma karatu da girmanta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, don ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Bayan abin da ya faru a Jangebe, iyaye nawa ne suka zauna suna auna ko su mayar da 'yarsu makaranta ko su aurar da ita su huta da fargaba? Ba na zargin uban da tsoro ya kama, tsoronsa na gaskiya ne. Amma ina so ya karanta labarin Abu kafin ya yanke.

Don haka malam, kai da ke cewa ba ka karanta littafin mata, ka sani akwai maganar da maiɗakinka ba za ta taɓa faɗa maka ba saboda kunya da kawaici, akwai wadda ɗiyarka za ta haɗiye har ta tsufa. Wata mace a Kano ko Funtuwa ko Gusau ta riga ta rubuta ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa su ne a ɗakin.

Sai dai ba kowane mai hoton gyale a bango nake nufi ba, kuma a nan dole in yi magana da 'yan'uwana mata da ƙannena 'yan mata. Tarkace ya yi yawa a wannan fanni, ya ma fi na yaƙi yawa, don an fi rubuta shi. Akwai wanda daga farko har ƙarshe ba ka jin komai sai gidan bene a Abuja, da mota, da hutu a Dubai, da yarinya fara mai gashi har gadon baya. Talaka in ya fito direba ne ko mai gadi. Manomi bai taɓa zama masoyi ba. Yarinyar Bakura da ta haɗiye irin wannan guda hamsin, in saurayinta ya dawo daga fadamar Bakolori da taɓo a ƙafa, mutumin kirki mai buhunan shinkafarsa, da wane ido za ta dube shi? Akwai na batsa tsagwaronta, da ake sayarwa a ɓoye cikin waya da sunan ƙarya, yara na karantawa. Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne wanda ke ƙawata wulaƙanci: miji miskili, ya zage ta, ya mare ta, ya kulle ta, ita kuma a ce tana ƙara mutuwa a kansa, a ƙarshe ya ce ashe sonta yake a tafa. Wannan guba ce. 'Yata, in kin ga labari ya nufi nan, rufe shi, duk daɗinsa.

Jayayya a kan waɗannan littattafai ba yau aka fara ba. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta kai ga ƙona wasu a wata makarantar 'yan mata. Ƙonawar ba ta kashe su ba. Sun bar takarda, inda aƙalla akwai sunan marubuci da na maɗaba'a kuma uwa na iya tsintar littafi a ƙarƙashin filo ta duba, sun koma waya inda ba mai gani. Abin da ya rage mana shi ne mai karatu ya iya zaɓe.

Zaɓen kuwa ba wuya gare shi ba. Kafin ka biya, karanta shafukan farko ka ga ko mutanen cikin labarin suna da sana'a. In ka wuce shafi goma ba wanda ya je gona ko kasuwa ko aji ko asibiti, ba wanda ya damu da kuɗin cefane, kowa na kwance a kan kujera yana latsa waya, to marubucin bai kalli rayuwa ba, fim ya kalla. Ka tambaya ko an gama rubuta labarin, don da yawa sun biya kuɗin shiga rukuni labari ya tsaya a tsakiya. Ka ga ko mai shi ya yarda ya sa sunansa na gaskiya. In kana neman inda za ka fara, tsofaffin nan da na ambata suna nan, ga kuma Mace Mutum na Rahma Abdulmajid. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ta fito da sababbin hannuwa, kuma labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Uwa kuma, maimakon ƙwace waya, ki ce wa ɗiyarki ta karanta miki babi ɗaya kina tsince shinkafa. Inda ta yi tuntuɓe ta kasa karantawa a gabanki, ke da ita duk kun gane.

Sauran magana ta marubutanmu ce, musamman matasan da ke Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Abdu Gusau a Talata Mafara, waɗanda na san da yawansu na rubutu a waya. Me ya sa sadaukinku kullum sai a birnin Misra ko Kisra, masoyanku kullum sai a Abuja? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar sallah, ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya ya nemi abu 5 a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi kira, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji, Bawa kuma ya amince. Faru da Magami ba baƙin sunaye ba ne a kunnen mutumin Maradun. Ga malami ba takobi a hannunsa, tsaye gaban sarkin da ƙasa ke tsoro, shekara 20 kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808. Ga labarin Sarauniya 'Yargoje da tsofaffi ke bayarwa. Mai son rubuta jarumta bai rasa kaya ba.

Mai son rubuta soyayya kuma ya dubi Bakolori. An kammala dam ɗin a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka tashi garuruwa, manoma suka tsaya neman diyya, a Afrilun 1980 aka turo 'yan sanda aka rasa rayuka. A cikin waɗanda aka tasa akwai saurayin da aka sa wa rana, gonar da zai noma ya yi sadaki ta koma ƙarƙashin ruwa, gidan su yarinyar aka kai su wani matsuguni, nasu aka kai wani. Waɗanda suka ga wannan da idonsu suna nan da ransu a Maradun da Mafara, sun tsufa. A je a gaishe su, a zauna a tambaye su tun suna iya ba da labari.